Ƙarfin Gwiwar Mai Bin Diddigi Haƙƙin Talaka Ne

Jawabin Sakataren Gidauniya a taron shekara na masu bayarwa da kwamitocin masallatai, wanda aka gudanar a garin Gwandu

Da sunan Allah nake farawa. Godiya ta tabbata gare Shi, wanda Ya wajabta zakka a dukiyar mawadata, Ya kuma ambaci masu haƙƙinta da kanSa, bai bar wa son zuciyar kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Bayan haka, Ma'aji ya riga ya karanta muku abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma za ku same shi a rubuce cikin wannan rahoto. Ni abin da aka ɗora mini shi ne in yi magana a kan mutanen da suka tattaro mana labarin abin da dukiyarku ta yi bayan ta bar hannunmu, wato masu bin diddigi. Su ne ke hawa babur su shiga ƙauyuka domin su gano ko keken ɗinkin da aka bai wa bazawara yana juyawa, ko awakin marayu sun haihu, ko rijiyar waƙafi tana da ruwa a watannin bazara. Duk wani shafi na wannan rahoto a kan maganarsu aka gina shi. Idan suka faɗi gaskiya mun ga hanya, idan suka ɓoye ta muna tafiya cikin duhu alhali muna zaton rana ce.

Abin da ya farkar da mu

Bayan ambaliyar daminar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a fadamun jihar nan, mun raba injinan ban-ruwa ga wasu manoma a ƙasar Kalgo domin su rage asara da noman rani. Da lokacin bin diddigi ya yi, sai muka aiki wani matashi mai hankali da riƙon amana zuwa wani ƙauye da ba zan ambaci sunansa ba. Ya dawo da fom cike tsaf: inji yana aiki, manomi yana godiya. Muka sa wa sunan mutumin alamar wanda ya tsaya da ƙafafunsa, muka cire shi daga jerin masu bukata.

Watanni suka shuɗe kafin mu ji cewa an sayar da injin tun kafin yaron ya je. Matar manomin ce ta kwanta ciwo, aka kai ta asibiti, kuɗin injin suka ƙare a magani. A daidai lokacin da gidan ya fi bukatarmu, littafinmu yana cewa sun wadata.

Na kira matashin cikin fushi. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Allah ya gafarta Malam, wanda ya raka ni gidan shi ne ya biya mini allo ina yaro, kuma shi ya sa sunan mutumin a jeri. Da ya ce mini inji yana gona, da wane baki zan ce a kai ni in gani? Kuma na ji tsoron in na rubuta an sayar, za a kira bawan Allah nan maci amana."

Da na natsu sai na ga abubuwa biyu ne suka ɗaure shi: kunyar babba, da rashin sanin hukunci. Wannan inji da kuɗin zakka aka saye shi, kuma abin da aka bai wa matalauci na zakka ya zama mallakarsa. Idan lalura ta sa ya sayar, bai ci amanar kowa ba. Da injin waƙafi ne da hukuncin ya bambanta, domin tun waƙafin Sayyidina Umar na gonarsa ta Haibara aka kafa cewa asalin waƙafi ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. A cikin tawagarmu akwai malamin da ya san wannan bambanci kamar yunwar cikinsa. Akwai dattijon manomi wanda da ya leƙa gonar ya ga kwamin a bushe zai san ruwa bai ratsa su ba. Akwai malama wadda za ta iya shiga cikin gida ta ga majinyaciya a kwance. Duk muna da su, amma muka aiki yaro shi kaɗai da takarda da biro. Laifin na wanda ya tsara aikin ne, kuma ni ne na tsara shi.

Abin da magabata suka koya mana

Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas na masu cin zakka, kuma ma'aikatan zakka suna cikinsu. Wannan yana nuna cewa hidimar zakka sana'a ce mai sharuɗɗa da hisabi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi da ya dawo daga karɓar zakka yana cewa wani kaso kyauta aka ba shi, kuma ya hana ma'aikaci karɓar irin wannan kyauta. Ya kasance yana aiken Abdullahi ɗan Rawaha zuwa Haibara domin ya kintata yawan dabino tun yana kan itace. Da mutanen garin suka tara masa kayan adon matansu domin ya sassauta ƙiyasi, ya ƙi karɓa, ya kuma nuna musu cewa ba zai zalunce su ba. Wannan shi ne mai tantancewa na gari: ya san aikinsa, ba a sayensa, ba ya kuma zaluntar wanda yake tantancewa.

Sai dai abin lura a nan shi ne yadda Manzon Allah yake sanin baiwar kowane sahabi, ya kuma faɗe ta a bainar jama'a. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya siffanta Abubakar da tausayi, Umar da tsanani a kan al'amarin Allah, Usman da kunya, Mu'azu ɗan Jabal da sanin halal da haram, Zaidu ɗan Sabit da sanin rabon gado, Ubayyu ɗan Ka'ab da karatun Alƙur'ani, Abu Ubaida kuma da amana. A wani hadisin na Muslim, da Abu Zarri ya nemi a ba shi shugabanci, sai ya gaya masa cikin ƙauna cewa yana da rauni a wannan fage. Bai rage masa daraja ba, ya dai nuna masa inda ba wurinsa ba ne. Kowane sahabi ya tashi ya san abin da jama'a ke jira daga gare shi, ya kuma san wanda zai koma wa idan ya kai iyakar saninsa.

Ba sai mun je nesa ba. A nan garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance, wanda ya rasu a 1829, Allah Ya ƙara masa rahama. A cikin littafinsa Najmul Ikhwan, Shehu Usmanu ya kwaɗaitar da almajirai su karanta littattafan ƙaninsa Abdullahi saboda tsayuwarsa a kan kiyaye zahirin shari'a, su karanta na ɗansa Muhammadu Bello saboda saninsa da sha'anin tafiyar da jama'a. Shehu ya san ƙarfin kowannensu, kuma a 1812 ya raba musu kula da ƙasa, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello. Malam Abdullahi kuwa bai ji nauyin kowa ba wajen faɗin abin da ya gani na karkata a cikin jama'arsa bayan an sami nasara, kuma da ya sauka Kano mutanenta suka roƙe shi ya rubuta musu Diya'ul Hukkam domin masu mulki su san iyakokinsu. Haka nan Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta gane cewa akwai ƙofofin da mace kaɗai ke iya shiga, sai ta naɗa jajoji suna kai ilimi ga mata a ƙauyuka. Mu da muke zaune a ƙasar waɗannan bayin Allah bai kamace mu mu tsara aiki kamar ba mu taɓa jin labarinsu ba.

Masana aikin gudanarwa na zamani ma sun iso ga wannan. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Donald Clifton, wanda ya rasu a 2003, ya shahara da kiran a fara duba abin da ma'aikaci ya iya kafin a shagala da abin da ya gaza. Mun amfana da wasu dabarunsu na shirya zama, amma ginshiƙin yana cikin abin da muka karanta tun a zaure.

Abin da muka yi

Mun tara masu bin diddigi na Gwandu da na Kalgo a wuri ɗaya, maza a ɓangarensu, mata a nasu, muka ajiye fom gefe guda, muka yi abubuwa huɗu.

Na farko, zaman shaida. Mun san Bahaushe mai tarbiyya ba zai miƙe ya ce "ni gwani ne" ba, saboda kunya da tsoron riya. Don haka muka juya tambayar: kowa ya faɗi wani abu da ya gani da idonsa ɗan'uwansa ya yi da kyau a bakin aiki, tare da wurin da abin ya faru. Ba a yarda a ce "wane mutumin kirki ne" a yi shiru ba, sai an kawo abin da ya aikata. A nan ne muka ji cewa wani da muke ɗauka mai jinkiri ne, shi ne wanda tsofaffi ke buɗe wa cikinsu saboda haƙurinsa wajen sauraro. Muka ji cewa wata malama takan gane gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba ta hanyar duban murhu, ba tare da ta yi tambayar da za ta kunyata matar gida ba. Shi kuwa matashin da na ba ku labarinsa, abokan aikinsa suka shaida cewa babu wanda ya kai shi tsabtar lissafi, bai taɓa dawowa da rasit ɗin da bai dace da kuɗi ba. Tun ranar da na yi masa faɗa ban ga ya ɗaga kai ba sai a wannan zama.

Wani daga cikin malamanmu ya yi mana gyara a nan, kuma gyaransa yana kan hanya. Ya tunatar da mu hadisan da suka yi hani ga yabon mutum a gabansa. Muka koma ga bayanin malamai, waɗanda suka haɗa waɗannan hadisai da waɗanda Manzon Allah ya yabi sahabbansa suna ji: abin da aka hana shi ne yabon da ya wuce gaskiya, ko wanda ake tsoron zai jefa mutum cikin jiji da kai. Saboda haka muka kafa ƙa'ida: a faɗi aiki a bar kambamawa, wanda aka ambata kuma ya mayar da godiya ga Allah. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ambaci iya tsaronsa da saninsa lokacin da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, domin jama'a na bukatar wanda ya iya. Sanin abin da Allah Ya ba ka domin ka yi hidima da shi yana cikin godiya.

Na biyu, allon baiwa. Muka zana gidaje a kan allo: fiƙihun zakka da waƙafi, lissafi, sanin noma, sanin kiwo, jin Fulatanci ko Zabarmanci, iya sauraro, iya rubuta rahoto, da iya magana a gaban manya. Aka sa sunan kowa a gidan da shaidar 'yan'uwansa ta kai shi. Amfanin wannan allo ya fito ta fuska biyu. Kowa ya ga sunansa a wani gida, babu wanda ya tashi hannu wofi. Sannan muka ga gidajen da suka kusa zama kango: masu iya rubuta rahoto kaɗan ne, kuma mata ba su kai yawan gidajen da ake bukatar su shiga ba. Da ba mu zana ba da muna nan muna ɗora laifin gibin a kan mutane, alhali gibin na tsari ne.

Na uku, fita bibbiyu. Yanzu ba ma aiken mutum ɗaya. Muna haɗa wanda ya san hukunci da wanda ya san gona ko garke, domin kowannensu rabin amsa ke hannunsa. Malami ya san cewa amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar masa da kashi ɗaya cikin 10, wanda aka shayar da wahala da kuɗi kuma kashi ɗaya cikin 20, idan ya kai nisabin wasaƙi 5. Amma manomi ne zai dubi fadama ya ce wannan shinkafar inji ya shayar da ita. Malami ya san cewa zakkar shanu tana farawa daga 30, ta tumaki da awaki daga 40, makiyayi kuwa shi ya san garken da aka raba biyu da wanda aka haɗa na mutane da yawa. Mun kuma sa sharaɗin cewa ɗaya daga cikin biyun ya zama baƙo a garin. Mutumin Dalijan ko Kambaza yakan je Diggi ko Zuguru, na can kuma ya zo nan. Ɗan gari ya san hanya da mutane, baƙo kuma ba wanda ya biya masa allo a garin, saboda haka bakinsa a sake yake.

Na huɗu, gwajin magana. Wannan shi ne ya fi wuya, ya kuma fi amfani. Wani dattijo daga cikinmu yakan zauna a matsayin shugaban kwamiti, matashi kuma ya gwada yadda zai nemi a kai shi ya ga kaya da idonsa ba tare da ya yi rashin ladabi ba. Da farko murya na rawa, ana dariya. A hankali suka samo lafazin da ya dace, irin su: "Baba, ban ƙaryata ku ba, amma amanar da aka ɗora mini ita ce in rubuta abin da idona ya gani. Ku taimake ni in sauke ta." Babu dattijon kirki da zai ji wannan ya yi fushi. Mun gane cewa yawancin abin da muke kira tsoro rashin sanin yadda za a fara magana ne. Wanda ya furta ta sau biyar a gaban 'yan'uwansa, ta shida a gaban mai unguwa ba za ta sarƙe masa ba.

Bayan kowace fita kuma mukan zauna, kowace tawaga ta faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da ta kuskure. Ni nake fara faɗin nawa kuskuren, domin idan babba ya ɓoye nasa, ƙarami ba zai fito da nasa ba.

Abin da ya canza

Zan gaya muku wani abu da zai iya ba ku mamaki: rahoton bana ya fi na shekarun baya yawan labarin da ba shi da daɗi. Za ku karanta cewa wasu kekunan ɗinki suna ajiye saboda an ba da keke ba a ba da jarin yadi da zare ba. Za ku karanta cewa wasu awaki sun mutu saboda an raba su ba a haɗa da rigakafi ba, da kuma rijiyar da ke jiran gyara. Waɗannan matsaloli sun daɗe tare da mu, bana ne dai aka sami masu ƙarfin gwiwar rubuta su. Kuma saboda an rubuta su, an gyara tsarin rabon keke, an nemi shawarar malaman dabbobi kafin sayen awaki, an kuma mayar da sunan manomin nan cikin jeri. Matashin da ya rubuta rahoton farko shi ne ya koma ƙauyen tare da abokin tafiyarsa, ya nemi gafarar mutumin, ya rubuta na biyu.

Roƙonmu ga kwamitocin masallatai

Iyayena limamai da shugabannin kwamitoci, ku ne kuka san mabukata, kuma ba don ku ba da ba mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ba. Roƙona uku ne. Idan masu bin diddigi suka zo, ku nuna musu gida sannan ku ba su wuri su gana da mai gida su kaɗai, domin talaka ba ya iya kuka a gaban wanda ya sa sunansa. Kada ku ɗauki tambayarsu a matsayin tuhuma, domin wanda aka tabbatar da aikinsa shi ne ya kuɓuta daga zargin mutane. Kuma kada a ba su goro ko kuɗin mai, ko da da kyakkyawar niyya ne, saboda hadisin Ibnul Lutbiyya ya rufe wannan ƙofa. Ruwan sha da addu'a sun wadatar. Muna kuma roƙon ku nemo mana mata masu ilimi da kamun kai daga makarantun Islamiyya na unguwanninku, da yardar mazajensu da iyayensu, domin rabin waɗanda muke yi wa hidima suna bayan labule.

Roƙonmu ga masu bayarwa

Alhazai da hajiyoyi, na san kowannenku ya fi son ya ji cewa kuɗinsa ya sayi buhun hatsi a kan ya ji an kashe shi wajen horar da ma'aikata. Wannan kishi ne mai kyau. Domin mu fita daga saɓanin malamai a kan wanda ya cancanci kason ma'aikatan zakka, ba mu taɓa kuɗin zakka ba wajen wannan horo, daga sadakar ganin dama aka yi shi. Muna roƙon wanda Allah Ya hore wa ya ware wani abu na sadaka, ko ya tsayar da waƙafi, ko da shago ɗaya ne da za a riƙa karɓar hayarsa, domin man babur da takardu da zaman horo na kowace shekara. Wanda ya ɗauki nauyin idon da ke duba rabo yana da hannu a cikin kowane rabo da ya isa ga mai shi. Sannan idan kuka karanta labari mara daɗi a rahotonmu, kada ku janye hannu. Gidauniyar da ya kamata ku yi shakka a kanta ita ce wadda shekara da shekaru ba ta taɓa ba ku labarin kuskure ba.

Ga 'yan'uwana masu bin diddigi kuwa, ina neman afuwarku a kan shekarun da na riƙa aikenku ku kaɗai, sannan in tuhume ku da abin da ban koya muku ba. Kowannenku ya riƙe abin da 'yan'uwansa suka shaida masa, ya kuma nemi ɗan'uwansa a inda ya gaza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya karɓi zakkar masu zakka da waƙafin masu waƙafi, Ya sanya albarka a abin da suka rage. Allah Ya wadata mabukatanmu, Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya da ladabi, da ikon karɓarta idan an faɗa mana. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuma nawa ne, ina neman gafararSa.